Katawut ɗin mota: a duba shi kafin a kama hanya

Direban da ya yi lodi a Suk Libya ko a kasuwar dabbobi ta Muwailih, yammacin Omdurman, ya san in wutar mota ta mutu a daji, ba makanike, ba ruwa.

Dainamo ke ba batir wuta, katawut kuma ke tsare ta kada ta wuce gona da iri. In inji na aiki, mita ta nuna volt 13.8 zuwa 14.4 a ƙaramar mota, babbar mota kuwa wajen 28. In ta haura, ruwan batir zai tafasa, ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, fitilu su ƙone. Zafin Khartoum, da kan wuce digiri 40, yana ƙara ɓarnar. In ta gaza, fitila ta dushe, gobe mota ta ƙi tashi.

Masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu har na'ura suke sawa mai yanke dainamo in wuta ta kai wajen volt 16. Kai ma, ɗan'uwa, auna taka, ɗaure fambel, goge kan batir. Allah ya kiyaye hanya.