FATALWAR HAWAN KIBO: WA KE KASHE MATAFIYA?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar ga direbobi da yaran mota a masallacin tasha bayan sallar Isha'i.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta.

Bayan haka, iyayena da yayyena direbobi, assalamu alaikum. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne, kuma a cikinku akwai waɗanda suka fara riƙe sitiyari tun ba a haife ni ba. To amma tunatarwa tana amfanar mumini, shi ya sa na miƙe.

Kowa a nan ya san Hawan Kibo, wannan gangare da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, a Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato. Kowa kuma ya sha jin labaran da ake bayarwa a teburin mai shayi. Wani ya ce ya ga mace da fararen kaya tana tsai da mota da tsakar dare, yana haska ta sai ta ɓace. Wani ya ce waɗanda suka mutu a wajen ne suke fitowa neman abokan tafiya. Wani ya ce ai hanyar ce take shan jini. To, 'yan uwa, mene ne gaskiyar al'amarin?

Da farko dai, samuwar aljanu gaskiya ce. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, wanda ya musa ya musa Littafin Allah. Amma a cikin wannan Sura ɗin Allah (T) ya ba da labarin wasu mazaje na mutane da suke neman tsari da mazajen aljanu, sai hakan ya ƙara musu wahala. Malaman tafsiri sun ce Balaraben jahiliyya idan dare ya yi masa a wani kwari, sai ya nemi tsarin shugaban aljanun kwarin. To me ya bambanta shi da direban da ke jefa goro ko kuɗi ta taga idan ya iso gangare? Wal'iyazu billah.

Sai batun mamaci ya dawo yana yawo a kan titi. Wannan kam ba shi da tushe. A Suratul Mu'minun an nuna mana wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mai da shi duniya, aka ƙi, aka ce akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Larabawa ma a da suna cewa wanda aka kashe ransa yakan zama mujiya tana kuka a kan kabarinsa sai an ɗaukar masa fansa. Manzon Allah (S) ya kore wannan, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ashe fatalwa tsohuwar jahiliyya ce, kwalta kawai ta hau.

Kuma ba mu kaɗai ke da irin labarin nan ba. A Jamhuriyar Nijar, wajen Dogondutsi, wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta tattara labaran da Arawa ke bayarwa game da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta yi gabas, ta buga su a 2002. Su ma iskoki ne a siffar kyawawan mata suke halaka matafiya. Amma da aka bi diddigi, sai ga shi dattawa suna tuna yadda Faransawa suka sa kakanninsu aikin hanya na tilas, aikin da ba a soke shi ba sai a 1946. Wato hanyar da aka gina da zalunci, ta kuma ci gaba da cin rayuka, ita ce mutane suka ba wa fuskar aljana.

To idan ba fatalwa ba ce, me direba yake gani? Ku kun fi ni sani. Mutum ya taso daga Legas, kwana biyu bai runtsa ba, goro da ƙwaya ne suke riƙe da idonsa. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya daɗe bai yi barci ba yakan ga abin da babu shi, kuma barci yakan sace shi na 'yan daƙiƙoƙi idonsa a buɗe. Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 ya fi mita 110, ya ɗara tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari! Ga hazo, ga fitila ɗaya, ga kwana a gaba. Sannan Jos tana bisa tudu na kimanin mita 1,200. Tirelar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, aka sake ta a firi don tattalin mai, aka danne birki tun daga sama, dole birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Wace aljana ake nema bayan wannan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a hanya duk shekara. Duk fatalwa ce ta kashe su?

Bari in faɗa muku abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Wani maƙwabcinmu motarsu ta faɗi da dare a wata hanya. Shi ya rarrafo ya fito titi, farar rigarsa ta ɓaci da jini, yana ɗaga hannu. Ya ce motoci sun fi goma da suka haska shi suka ƙara wuta. Ƙaninsa yana cikin motar da sauran numfashi, bai cika ba sai gab da asuba. Na san wasu tsoron 'yan fashi ne ya hana su tsayawa, wannan uzuri ne. Amma na tabbata a cikinsu akwai wanda ya isa tasha yana rantsuwa ya ga fatalwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Camfi ya sa mun mai da ɗan uwanmu dodo.

Akwai kuma wanda wannan camfi yake yi wa daɗi. Duk ranar da muka ce aljanu ne, mun wanke wanda ya ci kuɗin gyaran hanya ya bar ramuka, mun wanke jami'in da ya karɓi na goro ya bar mota ba birki ta wuce, mun wanke mai motar da ya ƙi sayen taya. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, amma ba ta da ikon kama aljani. Mutum ake kamawa, kuma mutum Allah zai tambaya.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kaɗan. Ku yi addu'ar hawa abin hawa da azkar na safe da yamma, sun ishe ku tsari, ba sai laya a madubi ba. Ku duba birki da taya da fitila kafin a yi lodi, domin Manzon Allah (S) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Idan barci ya zo, ku sauka daga kan titi ku kwanta. A gangare ku sa ƙaramar giya. Idan kun ga mutum yana neman taimako kuma kuna tsoron tsayawa, to ku kai rahoto a shingen jami'ai ko gari na farko, kada ku ajiye labarin sai teburin mai shayi.

Rayukan fasinja amana ce a wuyanku. Ajali gaskiya ne, amma ba ya wanke mai sakaci.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya kai mu gidajenmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.