Bikin Sinima da Littattafan Faransanci a Jami'a: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Ketare

Ran 20 ga watan Maris na kowace shekara, jami'o'i da yawa na duniya inda a ke koyar da Faransanci su kan yi biki. A kan tara ɗalibai da malamai a babban zaure, a nuna sinima, a karanta littattafai, a yi gasar waƙa da muhawara. Ana koyar da wannan harshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano. Tun da ya ke 'ya'yan Ketare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin masu neman ilmi a waɗannan wurare, ya kyautu hakimai da malamansu su san tushen al'amarin, domin su iya ba talakawa amsa in sun tambaya.

Asalin ranar daga maƙwabta ya ke. A birnin Yamai ne, ran 20 ga Maris 1970, ƙasashe 21 suka sa hannu a kan yarjejeniyar taimakon juna ta masu amfani da Faransanci. Shugaba Diori Hamani shi ne mai masauki, shi da Senghor na Sanigal da Bourguiba na Tunisiya kuwa su ne manyan da suka tsaya a kan maganar. Amma zamani riga ne. Cikin watan Maris 2025 Gwamnatin Nijar ta fita daga ƙungiyar, sa'an nan ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Saboda haka waɗansu iyaye suna cewa, in masu abu sun yar, me zai sa ɗan Katsina ya ɗauka? Tambayar tana da nauyi, amsarta kuwa tana cikin abin da a ke nunawa da karantawa a wurin bikin.

A dubi littafin Sarraounia, watau Sarauniya, wanda Abdoulaye Mamani, mutumin Nijar, ya wallafa da Faransanci cikin 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine cikin Afrilu 1899. Wannan runduna ita ce ta ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, har daga baya sojojinta suka juya suka kashe shugabannin nan biyu cikin Yuli, kusa da Tasawa. Med Hondo na Muritaniya ya mai da littafin sinima cikin 1986, ya kuwa ci babbar kyauta ta bikin sinimar Afirka a Wagadugu cikin 1987. Ɗalibin da ya karanta littafin nan tarihin ƙasar Hausa ya karanta, ko da ya ke da harshen waɗanda suka kawo yaƙin aka rubuta shi.

Haka kuma Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa aikin soja a Indochina. Sinimarsa Cabascabo labarin soja ne da ya komo gida da kuɗi, abokan cin mushe suka kewaye shi har suka ƙare, suka watse. Babu hakimin da bai san irin wannan ba a ƙasarsa. Ganda ne ya fara cin babbar kyautar Wagadugu, cikin 1972. Moustapha Alassane kuwa, wanda ya yi sinima mai suna Aure cikin 1962, ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai shekaru da dama. Cikin Oktoba 2024 aka sa sunansa a gidan al'adu na Yamai wanda dā ya ke ɗauke da sunan Bafaranse Jean Rouch. Watau Nijar ta rabu da ƙungiya, amma ta riƙe ayyukan 'ya'yanta.

Akwai abin da ya shafi malaman hakimai musamman. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Katsina na dā sun koma Maraɗi, har yau kuwa sarautarsu Sarkin Katsina ce. Sa'ad da aka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, wani tafinta mai suna Landeroin, na ayarin Tilho, ya zauna da dattawan wancan gefe ya rubuta tarihin sarakunansu, aka buga da Faransanci. Ke nan wani sashe na labarin Katsina yana kulle a harshen da yawancin Katsinawa ba su ji. Ɗalibin Faransanci shi ne mai mabuɗi. Ban da wannan, fatake masu bi ta Jibiya zuwa Maraɗi suna gamuwa da takardun kwastan da rasit na Faransanci, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta cikin 2021.

Ba a manta da halin da wannan yanki ya shiga ba. Tun daga daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara, zukatan iyaye ba su kwanta sosai ba, ko da ya ke an sako yaran bayan kwana shida. Yaron da aka cire daga sakandare saboda tsoro ba zai kai jami'a ba, balle ya fassara wa garinsu takarda. A nan ne maganar hakimi ta ke da tasiri fiye da ta kowa.

Saboda haka ana roƙon abubuwa huɗu. Na farko, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni ya ƙarfafa musu gwiwa su lallashi iyaye a bar yara, maza da mata, su ci gaba da karatu inda hukuma ta tabbatar da tsaro. Na biyu, malamin hakimi ya buɗe littafi ya rubuta sunayen 'yan ƙasar da suka iya Faransanci, domin a neme su in takarda ta zo. Na uku, in ɗalibai sun zo hutu da sinima irin waɗannan, hakimi da limami su fara gani, sa'an nan a nuna da rana a ajin makaranta, ɗalibi yana fassarawa, kamar yadda mai bayani ya kan yi a zamanin majigi. Na huɗu, a haɗa ɗalibai da dattawa masu riƙe da tarihin gari, domin a gwada abin da ke baki da abin da ke takarda.

Zumunta a ƙafa ta ke, amma mai zuwa gidan ɗan'uwa ya fi sakewa in yana iya karanta abin da ke rubuce a ƙofa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki hakimai, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya. Amin.