Sarin Gidaje da Lasin Dillanci a Amurka: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?



Abin da ya tara mu yau magana ce wadda ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshi. Da wuya a sami wani a cikinmu wanda bai taɓa cin karo a wayarsa da wani saurayi daga Amurka ba, yana jingine da mota mai tsada, yana rantsuwa wai ya yi arziki da cinikin gidaje, alhali kuwa bai mallaki ko ɗaki guda ba, bai ci bashin banki ba, ba ya kuma riƙe da lasin hukuma. Daga ƙarshe sai ya nemi a biya shi ya koyar da sirrin. Tun da har wasu daga cikinmu sun fara tunanin taɓa ɗan albashinsu ko kuɗin makaranta don sayen wannan sirri, muka ga ya kamata mu zauna mu feɗe biri har wutsiya, mu san yadda sana'ar take a ƙasar da aka haife ta, kafin mu yi shawarar abin da ya dace da mu.

Sana'ar da suke nufi ita ce za mu kira sarin gidaje, ko da yake sunan yana da ruɗi. Ɗan sarin da muka sani a kasuwa yakan biya kuɗi ya kwashi kaya, in sun lalace a hannunsa hasararsa ce. Shi kuwa wannan ba ya sayen gida. Abin da yake yi shi ne ya nemo mai gidan da ke cikin matsi, ya taya gidan da araha, in an sallama masa sai su sa hannu a takardar yarjejeniya cewa zai biya nan da 'yan makonni, ya ajiye ɗan kafin alƙalami kaɗan. A cikin takardar akwai sharaɗin da ya ba shi ikon miƙa yarjejeniyar ga wani. Kafin wa'adi ya cika sai ya nemo mai jari wanda ke sayen tsofaffin gidaje yana gyarawa, ya sayar masa da takardar. Mai jari ya biya mai gida kuɗin da aka shirya, ya biya ɗan sari ladan miƙa masa ciniki. Watau dai hajarsa alkawari ce, ba gini ba.

Bari mu kawo misali da lissafi, don a ga inda ribar take fitowa. Masu gyaran gidaje a can suna da wata ƙa'ida ta al'ada, cewa kada su biya fiye da kashi 70 cikin 100 na darajar da gida zai yi bayan gyara, a kuma cire kuɗin gyaran. A ce gida zai kai dala 200,000 in an gyara shi, gyaran kuma zai ci dala 30,000. Mai jari ba zai wuce dala 110,000 ba. In ɗan sari yana son ya sami dala 10,000, tilas ya shawo kan mai gida ya sallama a kan dala 100,000. In ya iya danne shi zuwa 90,000, ribarsa ta ninka. To, jama'a, a riƙe wannan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan laccarmu: duk dalar da ta ƙaru a aljihun ɗan sari, daga aljihun mai gida ta fito.

Su wane ne ke yarda da irin wannan ciniki? 'Yan sari sukan duba takardun hukuma waɗanda kowa ke da ikon gani, su fitar da sunayen waɗanda harajin gida ya taru a kansu, da waɗanda banki ke shirin yin gwanjon gidajensu saboda bashin jingina, da magadan da aka bar wa gida a garin da ba sa zaune. Sai su bi su da wasiƙu da kiran waya. Adalci ya sa mu faɗi cewa wani lokaci cinikin yana da amfani. Wanda ya gaji kangon da ba shi da halin gyarawa, yana kuma son kuɗi a hannu cikin gaggawa, yana iya gode wa wanda ya haɗa shi da mai saye. Amma sau da yawa wanda aka tarar tsohuwa ce da ba ta san darajar gidanta ba, ba ta kuma fahimci cewa yaron da ke gabanta ba shi da kuɗin saye ba. In bai sami mai karɓar takardar ba, sai ya fake da wani sharaɗi ya janye, ya bar ta makonni sun wuce, ranar gwanjo kuma ta matso.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya ƙofar, watau lasin dillanci. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke ba da wannan lasin ba, kowace jiha da dokarta da hukumarta. Jihar Kalifoniya ce ta fara kafa irin wannan doka a 1917, kotu ta soke ta, aka sāke kafa wata a 1919, sauran jihohi suka bi sawu. Tun kafin haka, su dillalan da kansu sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a birnin Shikago a 1908, suka kuma tsara ƙa'idodin ladabin sana'a a 1913, domin 'yan damfara sun ɓata wa sana'ar suna har mutumin kirki yana jin kunyar a kira shi dillali.

A yawancin jihohi lasin hawa biyu ne. Na farko shi ne na ƙaramin dillali, wanda ba shi da ikon buɗe ofishin kansa, sai dai ya yi aiki a ƙarƙashin babban dillali mai ɗaukar alhakin ayyukansa. Mai nema yakan yi karatu na ƙayyadaddun awoyi: 63 a Fulorida, 135 a Kalifoniya, 180 a Teksas. Ana koya masa dokokin mallaka da na yarjejeniya, da sha'anin jingina, da hanyar ƙiyasta darajar gida, da dokar 1968 wadda ta hana nuna bambancin launin fata ko addini wajen sayar da gida ko ba da haya. Sa'an nan ya ci jarrabawa, a ɗauki hoton yatsunsa a binciki halinsa. Hawa na biyu, na babban dillali, ba a kai shi sai an goge: Kalifoniya tana neman shekara biyu ta cikakken aiki da ƙarin darussa, Teksas kuwa shekara huɗu. Bayan an samu ma ba a gama ba, domin ana sabunta lasin lokaci-lokaci tare da ƙarin karatu.

Kada wani ya ɗauka wannan hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Sabon dillali galibi ba shi da albashi, la'ada ce abincinsa, kuma sai ciniki ya faɗa. La'adar da aka saba da ita shekara da shekaru kashi 5 zuwa 6 ce cikin 100 na kuɗin gida, ana raba ta tsakanin ɓangaren mai sayarwa da na mai saye, kowane ƙaramin dillali kuma ya sāke rabawa da ubangidansa. Mutum yana iya yin watanni bai ga ko sisi ba. Haka kuma ba mu ce masu lasin waliyyai ne ba. A 2024 babbar ƙungiyarsu ta yarda ta biya dala miliyan 418 don sasanta ƙarar da masu sayar da gidaje suka kai ta a kan yadda ake tsara la'ada, aka kuma canza wasu ƙa'idodin a watan Agusta na shekarar.

Duk da haka akwai bambanci mai girma. Dillalin da mai gida ya wakilta, doka ta ɗora masa amana: ya fifita maslahar wanda ya wakilta shi a kan tasa, ya kawo masa duk tayin da aka yi, ya riƙe sirrinsa, ya ajiye kuɗin mutane a asusu dabam, kada ya cakuɗa shi da nasa. La'adarsa tana ƙaruwa in gida ya yi tsada, saboda haka shi da mai gida jirgi ɗaya ya kwaso su. In ya ci amana akwai hukumar da za a kai ƙara, tana iya cin tararsa ko ta ƙwace lasin, a jihohi da dama ma akwai asusun biyan diyya ga wanda dillali ya cuta. Ɗan sari kuwa ba wakilin kowa ba ne face kansa. Yana zuwa da fuskar mai taimako, amma a teburin ciniki yana ɗaya gefen.

To, ta yaya 'yan sari suka daɗe suna aiki ba lasin? Hujjarsu ita ce dokar lasin ta shafi mai sayar da kayan wani don lada, su kuwa haƙƙinsu na cikin yarjejeniya suke sayarwa. Wannan ƙofa ta fara ƙuntata. A 2017 Teksas ta wajabta wa mai irin wannan ciniki ya bayyana wa mai saye cewa haƙƙin yarjejeniya kawai ke hannunsa. A 2019 jihar Ilinoi ta ce wanda ya yi irin cinikin fiye da sau ɗaya cikin wata goma sha biyu, dillali ne a idon doka, sai ya nemi lasin. A 2020 birnin Filadelfiya ya kafa lasin na musamman ga 'yan sari, tare da rajistar masu gidajen da ba sa son a dame su da tayi. A 2021 jihar Okalahoma ta hana tallata irin wannan takarda a bainar jama'a sai da lasin. Ashe ke nan saurayin da ke cewa ba a bukatar lasin, ko dai bai san dokar ba, ko kuwa ya san ta ya ɓoye. Mai son shiga harkar a can, hanyar da ta fi tsira ita ce ya fara karanta dokar jihar da gidan yake, ya nemi lasin, ya zauna ƙarƙashin gwani ya koyi ƙima. In daga baya ya so ya sayi gida don kansa, ya gaya wa mai gida a rubuce cewa shi mai lasin ne, kuma riba yake nema.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da dokokin Okalahoma? Ruwanmu kuwa da yawa. Dillanci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna sauka wurin mai masauki, dillali ya haɗa su da mai saye, ya tsaya shaida, ya karɓi la'adarsa a fili kowa yana gani. Lasinsa shi ne sunansa, in ya ci amana sau ɗaya kasuwa duk ta ji. Amma garuruwa sun faɗaɗa, ba a san juna ba, har muka wayi gari da 'yan kayi-nayi, fili ɗaya ya bi hannu biyar kowa yana ɗora nasa, mai fili bai san nawa aka sayar ba, mai saye bai san nawa aka karɓa ba. Wannan ɗan'uwan sarin Amurka ne, sai dai a nan hatsarin ya fi yawa. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da yin bayani a kan sayar da abin da mutum bai mallaka ba, ya kamata mai niyya ya tambaye su kafin ya sa hannu a kowace takarda.

Daɗin daɗawa, dokar ƙasa a Nijeriya ba irin ta Amurka ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne. Sashe na 22 ya hana miƙa wannan haƙƙi ko jinginar da shi ba tare da yardar Gwamna ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa haka a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Ciniki na 'yan makonni irin wanda ake nuna mana a waya ba ya tafiya haka a wurin da binciken takardu da neman yarda ke cin lokaci. Mai son ƙwarewa ta gaskiya akwai hanya: dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar rajistar masana ƙimar gidaje da filaye, jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma suna koyar da fannin. Jihar Legas ma ta kafa dokar da ta wajabta wa dillalan gidaje yin rajista a 2022.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati kuwa, akwai gargaɗi na musamman. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ta hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Wanda ke aiki a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko ofishin haraji, ko kotun rabon gado, shi ne ya fi kowa sanin wanda ke cikin matsi. Ranar da ya mai da wannan sani haja, ya sayar da amanar kujerarsa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Saboda haka shawararmu ita ce, duk wanda zuciyarsa ta kwanta da harkar gidaje, ya fara da ilmi da wakilci bayyananne. Ya koyi karanta takardar mallaka, ya san hanyar bincike a ofishin ƙasa, ya rubuta la'adarsa a gaban ɓangarori biyu, ya haɗa mai sayarwa da mai saye ido da ido. Kafin kowane ciniki kuma ya tambayi kansa tambaya guda: in mai gidan nan ya ga duk lissafin da ke cikin littafina, zai sa hannu? In amsar i ce, ya ci gaba, Allah ya sa albarka. In kuwa a'a ce, to, ya sani ba basirarsa ce za ta ciyar da shi ba, rashin sanin wani bawan Allah ne, gidan da yake tayawa kuma watakila shi ne duk abin da wani ya tara a rayuwarsa.