Dole ita ce babbar makaranta



A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Babu wanda ya buɗe wa ɗan kasuwar Maraɗi aji, amma cikin ƴan kwanaki ya ƙware a sabon lissafi, domin daga aljihunsa kuskure yake fita. Haka a 2023, da aka rufe iyakar Benin, masu kaya suka koyi hanyar Lome ta Burkina Faso.

Ma'aikacin da ke jinkirin koyon sabon aiki ba basira ya rasa ba. Albashinsa ne ba ya jin zafin jinkirin. Mai jiran takarda a ƙofar biro shi ke biya. Mu auna wannan tsakaninmu da Allah.