Jawabin malamin lakwal: gyaran ɗaki don murya ta fita sarai

Iyayenmu dattawa, da ku ƴan'uwa mazauna birni, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kun lura a zauren laka magana na fita sarai, amma a ɗakin siminti mai rufin kwano sai kuwwa ta cinye ta? Ga dalili. Murya na gudun wajen metir 340 cikin daƙiƙa guda. In ta bugi bango mai tauri, sai ta komo ta haye kalmar da ke biye. Ƙarin lasifika ba shi magani.

A 1895, wani malami a Amurka, Sabine, ya jera matasan kujeru cikin ɗakin karatu, ya auna yadda kuwwar ke raguwa. Yau wannan aiki sana'a ne, gidajen rediyo da masu ɗaukar waƙa na neman gwaninta. Shi kan tafa hannu shi saurara, sannan shi rataya labule mai kauri, shi shimfiɗa darduma.

Samarinmu, ku koye ta. Mu fara da ɗakin taronmu, tsofaffi su huta da tambayar "mi ya ce?"

Allah shi ba mu sa'a.