Abin da ke cikin ƙwayar maganin masassara

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Kurni da ƙauyukanta, cikin ƙasar Matamaye. Darasinmu na yau a kan maganin masassarar cizon sauro ne, wadda ke kama yara da manya kowace damana.

Dattawa sun san Nivaquine. Ta yi aiki shekaru da yawa, har ƙwayoyin cutar suka saba da ita. Saboda haka a shekarar 2005 ƙasarmu Nijar ta koma ga sabon magani. Wanda aka fi sani shi ne Coartem. Magani biyu ne cikin ƙwaya guda: artemeter miligiram 20, da lumefantirin miligiram 120.

Asalin artemeter wani tsiro ne na ƙasar Sin, dangin tazargade. A shekarar 1972 wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace sinadarin da ke cikinsa. Sunansa artemisinin. Ta samu kyautar Nobel a 2015.

Masana sun bincika yadda sinadarin yake. Kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, haka aka gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. Akwai 15 na karbon, irin na gawayi. Akwai 22 na idirojen, irin na ruwa. Akwai 5 na oksijen, irin na iskar da muke shaƙa. Biyu daga cikin na oksijen suna riƙe da juna kamar ɗanannen tarko. Ƙwayar cuta tana cin jininmu, jini kuwa yana da ƙarfe a cikinsa. Da wannan ƙarfe ya taɓa tarkon sai ya faɗa, ya kashe ƙwayar cutar. An gyara artemisinin kaɗan aka samu artemeter, amma tarkon yana nan.

Wannan bincike ya koya mana abu uku.

Na ɗaya, zafi da laima suna lalata maganin. Kada mu sayi wanda aka baza a rana cikin kasuwa. A gida, mu bar shi cikin takardarsa, a inuwa.

Na biyu, artemeter yana da sauri, amma cikin 'yan awoyi ya fita daga jiki. Lumefantirin shi ke daɗewa kwanaki yana share sauran cutar. Shi ya sa ake sha sau 6 cikin kwana 3. Wanda ya ji sauƙi ya daina a rana ta biyu ya bar sauran cuta a jininsa, kuma masassara za ta dawo.

Na uku, lumefantirin ba ya narkewa cikin ruwa, sai cikin maiƙo. Mu sha shi da nono, ko bayan tuwo da miya mai mai. Jariri kuwa a ba shi mama.

Kafin a sha, a je gidan likita a gwada jini, domin ba kowane zafin jiki ne masassarar sauro ba. Likita ne zai faɗi yawan ƙwayoyi bisa nauyin mutum.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi kwalin magani. Ya karanta sunansa, ya nemo lambobin 20 da 120, da ranar da zai lalace. Ya rubuta su cikin littafinsa ya nuna wa malam.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.