Jawabi Kan Mai Jego Bayan Sallama Daga Asibiti



Mace za ta haihu da safe a asibiti nan Mubi, kafin la'asar tana gida, sai mu ce an gama. To, ba a gama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai jego ta yi awa 24 a asibiti, sannan ungozoma ta duba ta rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 zuwa 14, da bayan mako 6.

In an ga jini ya yi yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko jariri ya ƙi nono, kada a jira suna, a koma asibiti. Maigida, kuɗin mota naka ne.

Allah ya raya. Wassalam.